Kabawan Kwalli

Kun sha tambayata dalilin da ya sa na bar kiɗa, kuma kowannenku yana da amsar da ya tsinto a wani wuri. Wasu an ce musu kakanku Baffa ne ya hana ni. Wasu an ce musu faɗa muka yi da abokin kiɗana Ɗanjumma a kan wanda zai shugabanci ƙungiya. Gwaggonku Asabe kuwa har gobe cewa take aljanun gulbi ne suka kama mini murya, ni kuma ba na gardama da ita, domin ba ta taɓa barin mutum ya kai ƙarshen magana ba. Babu gaskiya a ko ɗaya. Baffa bai so kiɗa ba, amma bai taɓa hana ni ba, ni da Ɗanjumma kuma muna gaisawa har ya koma ga Allah. Abin da ya faru ƙarami ne, kuma ni da ya faru a kaina har yau ban gama gane shi ba. Zan dai faɗa muku yadda ya kasance, ku da kuka yi karatu ku duba ko za ku fi ni ganewa.

Sai kun san gidan da na tashi tukuna. Baffa Bafillace ne na Birnin Kebbi, irin Fulanin gidan nan da ba su da ko akuya balle saniya, Fillancinsa kuma bai wuce gaisuwa da tsawata wa yaro ba. Yadi yake sayarwa a kasuwa. Amma ka kuskura ka ce masa Bahaushe, ranar ba zai ci tuwo da daɗi ba. Inna kuwa Bakaba ce 'yar Argungu, 'yar gidan masunta, da zanen Kabawa reras a kumatunta biyu. Kakannin mutanen nan biyu sun daɗe suna yaƙar juna kafin zuwan Turawa, don haka da aka ɗaura aurensu ba a rasa masu taɓe baki ba ta kowane ɓangare. Ranar sunana dangin Inna suka zo daga Argungu da wanzaminsu don a yi mini zane. Baffa ya ce ba mai taɓa fuskar ɗansa. Wanzamin ya ci tuwon suna ya koma da askarsa, ni kuma na tashi da fuska sumul. In na je Argungu hutu a ce mini ɗan Fillo, in na dawo gida 'ya'yan baffannina su toshe hanci su ce ƙarnin kifi ya shigo. Abin bai taɓa damuna ba, tunda duka gidajen biyu suna ba ni abinci.

A shekarun da muke ƙarƙashin Jihar Sakkwato ina aikin akawu a ma'aikatar gona, in an tashi aiki kuma sai kiɗa. Mu huɗu ne. Ni ke kaɗa jita ina waƙa. Ɗanjumma ke riƙe da kalangu, shi Bakabe ne gaba da baya, zanensa ana hango shi daga nesa. Sai Hamani Bazabarme mai molo, da Rasaki, Bayaraben da aka haifa a bayan kasuwarmu, wanda yake busa ƙaho irin na 'yan sanda. Muna yin bukukuwan aure da walimar ban kwana ta manyan ma'aikata, ba mu da suna, yaran jita kawai ake ce mana. Wani mai sayar da kaset daga Sakkwato ne ya ji mu ya ce zai ɗauki waƙoƙinmu, amma sai da suna da hoton da za su ja ido, domin bikin kamun kifi na Argungu ya matso, baƙi kuma abin Kabawa suke nema. Shi ya raɗa mana Taurarin Kabawa. Babu wanda ya yi musu a cikinmu. Rasaki cewa ya yi ko Taurarin Jakuna aka ce, in dai za a saurare shi, ya yarda.

Ranar hoto aka kai mu bakin gulbi a Argungu, aka tuɓe mana riguna, aka ba kowa gora da homa, wato ragar hannun da masunta ke shiga ruwa da ita. Ni da ko iyo ban iya ba na tsaya a inda ruwa bai wuce idon sawu ba, ina riƙe da homa a juye har sai da aka gyara mini. Mai hoto ya leƙa na'urarsa ya ce akwai matsala, fuska ɗaya ce kawai ta Kabawa a cikin huɗu. Sai ya aika aka samo kwalli. Ɗanjumma yana dariya har da riƙe ciki ya karɓi tsinken da kansa, wai kada a ɓata musu zane, ya zana wa Hamani, ya zana wa Rasaki, sannan ya zo kaina. Da ya gama aka miƙo mini ɗan madubi. Ba zan ɓoye muku ba, fuskar Inna na gani. Ban taɓa sanin ina kama da ita haka ba sai ran nan. Daɗi ya kama ni, kunya ma ta kama ni, na rasa wanne zan bi, sai na shiga dariya tare da su.

Kaset ya fito ya karɓu. Ana sa shi a tashar mota da shagunan tela, yara suna nuna mu a hanya. Na kai wa Inna ɗaya. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce,

"Zanenka na hagun ga ya karkace."

Amma ba ta mayar mini da kaset ɗin ba. Baffa kuwa ya yi kamar bai san an yi ba, alhali a rumfar da ke kusa da tasa ake sa shi daga safe har yamma.

A lokacin akwai wani shiri na mako-mako a gidan rediyo a Sakkwato, inda ake sa sabbin waƙoƙi a yi sharhi a kansu. Mai shirin, Malam Lawal, Bakatsine ne mai kaifin baki, makaɗa suna tsoronsa kuma ba sa barin shirin ya wuce su. Muna zaune a shagon telan da muke ajiye kayan kiɗa sai muka ji waƙarmu. Kafin mu gama murna ya katse ta a tsakiya.

"Jama'a, kun ji bayina Kabawa," in ji shi. "Sun ajiye homa sun ɗauki jita. Kifi dai ya huta, kunnuwanmu ne suka shiga uku. Jitar ta danne kalangu, ba ka jin abin da yake faɗa. Mawaƙin nasu kuma waƙar gulbin Argungu yake yi da bakin Kano. Na duba hotonsu, zanen mutum uku bai yi mini kama da wanda zai jure wanka ba. Waɗannan Kabawan kwalli ne. A kawo mini su nan in wanke su, mu ga abin da zai rage."

Fushi ya kama ni. Na juya in ga yadda sauran suka ji, sai na tarar da Ɗanjumma kwance a kan buhun yadi yana dariya da hawaye.

"Kai, ɗan banzan Bakatsine! Wallahi ya iya. Bari mu tahi, sai na tuna mai wa ab bawan wani."

Ku 'yan yanzu ba lallai ku san wannan ba. Tsakanin Kabawa da Katsinawa akwai wasa tun na kakanni. Bakatsine yana da damar ya tare Bakabe ko a gaban surukansa ya kira shi bawa, ya zage shi tas, Bakabe ya rama, a tashi ana dariya. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Na san da wannan, na sha ganin Inna tana yi da wata Bakatsina mai sayar da daddawa. Amma ban taɓa zama wanda ake yi da shi ba, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a cikin maganar mutumin nan ban san inda wasa ya tsaya gaskiya ta fara ba. Bawa dai wasa ne. To jitar da ta danne kalangu fa? Wannan ni ma na ji a kaset ɗin. Bakin Kano kuma gaskiya ne, Hausar littafin makaranta nake waƙa da ita don na ɗauka ita ce ta wayayyu. Kwallin ma gaskiya ne. In da gaske yake, ya ci mutuncina a gaban jiha guda. In wasa yake, to ya ɗauke ni Bakabe ke nan. Amma in ya ɗauke ni Bakabe, me ya kawo maganar kwalli? Haka na yi ta juya abin a raina har na fara sa takardun ofis a fayil ɗin da ba nasu ba.

Ba a daɗe ba ya aiko a ce mu zo shirin mu kare kanmu, kai tsaye, kowa yana ji. Hamani da Rasaki suka ce ba ruwansu, su ba da baki suke kiɗa ba. Ya rage ni da Ɗanjumma. Ana gobe za mu tafi Baffa ya kira ni zaure bayan la'asar, karo na farko da ya yi mini maganar kiɗa da bakinsa.

"Umaru, zamna. Na jiya abin da mutumen ga yac ce. Kai ba Bakabe ba na, kuma ba bawan kowa ba na. Wasan ga nasu na, ba ka ciki. In kat tahi, ka yi mai magana da mutunci, shi ma shi yi ma da mutunci. In yac ce ma bawa kay yi dariya, ka sani duniya ta jiya, ni ma na jiya."

Na ce to. Na shiga cikin gida ina sa ran Inna za ta ce wani abu, sai ta ce Allah ya kai mu lafiya, in mun bi ta Argungu in gaishe da Kawu Manu, yayanta. Muka bi ta can kuwa, tunda hanya ce. Muka same shi a gindin bishiya yana ɗinke homa. Ɗanjumma ya ba shi labari, har da yadda na yi kwana da kwanaki ina kumbure-kumbure. Kawu ya ajiye zaren ya dube ni.

"Kai ɗan Fillo, hushi kaka yi da Bakatsine? Wa yat taɓa yin haka? In yaz zage ka, ka rama, ka ƙara mai. Nonon Bakaba kas sha, kana da ikon zagin shi har shi mutu. Amma in kat tahi kana ɗaure huska, to kai da bakinka ka hwaɗa ma duniya ba ka cikinmu."

"Kawu, to maganar jita da kalangu fa? Ita ma wasa ce?"

"A'a, wagga gaskiya ta. Jitarka ta cika ƙara."

"To yaya zan rarrabe wasan da gaskiyar?"

"Ba a rarrabewa. Tare aka haɗiye su."

Na shiga mota da umarni biyu, kowanne daga bakin wanda ba na iya saɓa masa. In na yi dariya na rama, na ce wa Baffa a gaban duniya ɗansa ya koma dangin uwa. In na tsaya a kan mutunci, na ce wa dangin Inna wanzaminsu ya yi daidai da ya koma da askarsa. Har muka shiga Sakkwato ban tsayar da ko ɗaya ba. Ɗanjumma kuwa gyangyaɗinsa yake sha, in ya farka ya gwada wani sabon zagi a kaina ya tambaye ni ko ya yi.

Malam Lawal ɗan gajeren mutum ne mai fara'a, ba kamar muryarsa ba. Ya tarbe mu a wani ɗaki mai sanyi da ƙofa mai kauri. Yana ganin fuskar Ɗanjumma ya ware hannu.

"A'a, bawana! Wa ka bar wa jirgin?"

"Na bar ma ubangidanka tsaro," in ji Ɗanjumma. "Na zaka in gani ko Katsinawa sun koyi wanka, tunda naj ji kana neman wanke mutane."

Suka tafa kamar sun shekara da sanin juna, alhali ran nan suka fara haɗuwa. Sannan ya juyo gare ni. Ya dubi fuskata, ya rage murya, dariyar ta bar idonsa.

"Malam, in tambaye ka kafin a buɗe shirin. Kai Bakabe ne? Don in san bakin da zan yi maka magana da shi. In Bakabe ne, ka san abin da ke tsakaninmu. In ba shi ba ne, to na yi maka laifi wancan makon, ba ni da hurumin kiran ka bawa."

Duk shirin da na yi a hanya na martani ne, ban shirya wa tambaya ba. Mutumin kuma da zuciya ɗaya yake tambaya, ba tarko ba ne. Wani ma'aikaci a bayan gilashi yana ɗaga hannu alamar lokaci ya yi. Sai na ji bakina ya ce,

"Ni ɗan Kabi ne."

Na ɗauka na yi dabara. Mu mutanen Birnin Kebbi in an tambaye mu a waje haka muke cewa, 'yan Kabi, wato garin. Bakabe kuwa jini ne. Na zaci kalmar za ta ishi kowa, Baffa ya ji gari, Kawu ya ji dangi. Malam Lawal ya dube ni, sannan ya gyaɗa kai.

"To, madalla. Na gane."

Aka kunna jar fitila. Ya buɗe shirin da Ɗanjumma, ya ce ga bawansa ya kawo kansa, ya tambaye shi ko da ƙayar kifi yake kaɗa kalangu. Ɗanjumma ya rama, ya ƙara, har ma'aikacin bayan gilashi ya kifa kai a kan tebur. Da ya zo kaina sai muryarsa ta sauya.

"Tare da mu kuma akwai shugaban ƙungiyar, Malam Umaru. Kafin komai, Malam Umaru, ina neman afuwarka a kan wasu kalmomi da na yi amfani da su, waɗanda ba kai suka dace da su ba."

Daga nan ya yi mini tambayoyi na hankali, ni ma na ba shi amsoshi na hankali. Na yarda jita ta yi ƙara, na ce za mu gyara. Na kare bakin Kano da cewa muna so a fahimce mu har inda Kabanci bai kai ba. A kan suna da hoto na ce gulbin nan duk mu huɗu shi muke sha, Bazabarme da Bayarabe da kowa, sunan girmamawa ne ga masu gulbin, ba sata ba. Ya ce wannan magana ce mai ma'ana, ya yaba mini. Duk wanda ya saurara zai ce na yi nasara. Amma ina zaune tsakanin mutum biyu da ke jifan juna da zagi suna ƙyalƙyala dariya, in an juyo gare ni sai a gyara murya, kamar yadda ake yi in baƙo ya shigo ana tsakiyar hirar gida. Wajen ƙarshe na kasa daurewa. Na tattaro ƙarfin hali na jefa nawa, na ce ai Katsinawa ba su san kifi ba sai a miyar maƙwabta. Malam Lawal ya yi ɗan murmushi na ladabi.

"Malam Umaru akwai ban dariya," in ji shi, ya wuce zuwa tambaya ta gaba.

A mota Ɗanjumma ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi magana mai kyau, Malam Umaru." Tun muna yara bai taɓa kirana Malam ba. Har ya rasu ban san ko tsokana ce ko yabo ba, ban kuma tambaye shi ba.

Ƙungiyar ba ta watse ba, kada wani ya gaya muku haka. Sunanmu ma ƙara fitowa ya yi. Ni ne dai in mai gabatarwa ya ɗaga murya ya ce ga Taurarin Kabawa, sai in ji bakina ya yi nauyi. Na kawo shawarar a sauya suna, Hamani da Rasaki suka ce suna ai suna ne kawai. Su suna da gaskiyarsu, ba uwar kowa a cikinsa. Na fara ba da uzurin aiki, yau in je gobe in ƙi, har suka samo wani mai jita. Babu ranar da na ce na bari. Amma in kuna son ranar da abin ya yanke a zuciyata, ita ce ranar da muka dawo daga Sakkwato.

Da la'asar muka iso. Na tarar da Baffa a zaure da abokansa, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Ya kama hannuna a gabansu, abin da bai saba ba.

"Kun jiya? Gahwara tai yan nema, cikin rediyo. Haka ɗan mutunci ka yi."

Na ji daɗi ƙwarai, domin ban taɓa samun yabonsa a kan kiɗa ba. Da wannan daɗin na shiga cikin gida. Inna tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai, rediyon yana gefenta a kashe. Akwai tabarmi shimfiɗe fiye da na kullum, ba a naɗe ba.

"Inna, kin ji shirin?"

"Na jiya."

"Ya nemi afuwata a gaban kowa."

"Awo, na jiya."

Ta ci gaba da tsinta. Na tsaya ina jiran sauran, ban san me nake jira ba. Can ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Mata nat tara, 'yan garinmu da ad da aure nan unguwa. Nac ce musu ku zaka ku ji yadda ɗana za shi yi da Bakatsine. Munka zamna tun hwarko har ƙarshe. Ɗanjumma anka zaga, har da uwa tai."

Na buɗe baki in ce mata ai ɗan Kabi na ce, ban ce ni ba Bakabe ba ne. Sai na tuna ba a rediyo na faɗa ba, ba ta ji ba, kuma ko ta ji ta fi ni sanin bambancin. Ta ɗago ta dube ni, idanunta sun yi ja.

"Umaru, dut shirin ga jira nikai shi zage ka. Ko sau guda."

Ta mayar da kanta kan faifan, ta ce in je in ci abinci kada ya huce.